Gwiwata Aka Zo Gani

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan shafi, har da masu leƙowa su kwashi na gulma su wuce. Ga waɗanda yau suka fara zuwa: sunana Juwairiyya, amma duk unguwarmu ta Abakpa Malama ake ce mini, don na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'yan mata ilimin halittu har na yi ritaya. Mijina ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yana biyu, Kabir a Abuja, Nafisat a nan bayan layinmu. Ina da gwiwar hagu da ta juya mini baya. Ina kuma da manemi. Wadda ta rubuto wancan makon tana cewa tsohuwa kamata ba ta jin kunya, ina gaishe ta. Allah Ya kai ta shekaruna da haƙoranta a baki.

Manemin shi ne Alhaji Isiyaku, tsohon ma'aikacin safiyo, gidansa bene ne a Badarawa. Shi ma matarsa ta rasu. Na yi masa alkawarin amsa ranar Juma'ar da ta wuce, kuma ba zan ɓoye muku ba, amsar da na tanada "to" ce. Mutum ne da yake karanta jarida har shafin ƙarshe, ya zo ya yi musu da ni a kanta. In na kama shi da kuskure dariya yake yi, ba ya kumbura. Tun rasuwar mahaifin su Kabir ban sami wanda zan yi gardama da shi in ji daɗi ba sai shi.

Akwai wata ɗabi'arsa da na ɗauka tsabar ladabi ce. Ban taɓa ganin shigowarsa ba, ban taɓa ganin fitarsa ba. Kullum sai ya riga ya zauna a kujerar bakin ƙofa, ya baza babbar rigarsa har ƙasa, ƙamshin turarensa ya cika falo, sannan a aika in fito. In mun gama hira kuma sai ya ce, "Malama, shiga ciki ki huta, kada ki wahalar da ƙafarki wajen rakiya." Ni kuwa in shige ina cewa a raina, ashe har yanzu akwai irin waɗannan mazan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gwiwar nan tawa kowa ya san abin da ke damunta sai ni mai ita. Maƙwabciyata ta ce sanyi ne, ruwan firji na sha da yawa. Wata a Islamiyya ta ce na taka abin da aka binne. Na tambaye ta, da ƙafar hagu kaɗai nake tafiya ne da ta dama ba ta taka ba? Ta daina gaishe ni. Ni dai na ga hoton ƙashina da idona. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gaɓar ne ya siɗe, kamar dunduniyar tsohon takalmi. Da safe ta ƙage, in na tashi ta yi ƙara, in na matsa mata ta kumbura. A kan kujerar roba nake salla, kuma wannan ya fi ciwon ci mini rai.

A asibiti aka haɗa ni da Lubna, likitar gashin ƙashi, 'yar siririya mai gilashi. Ranar farko da ta ce in kwanta za ta yi aiki da hannu, na ce mata, "'Yata, ni fa na koyar da ƙashi kafin a haife ki. Hannu ba ya mayar da guringuntsi."

Ta ce, "Ba ya mayarwa, Mama."

"To tausar ta mece ce?"

"Don ciwon ya lafa, gaɓar ta ɗan saki, ki iya yin motsa jikin da zan koya miki. Shi ne mai aikin. Sauƙin da hannuna zai ba ki na ɗan lokaci ne."

"Kumburin fa?"

"Ba zan yi miki alkawari a kansa ba. Amma ki riƙe wannan: duk ranar da gwiwa ta yi ja, ta ɗau zafi, ba a murza ta. Likita ake kai wa."

A wannan garin, wanda zai ce maka "ba zan yi miki alkawari ba" ya yi ƙaranci, shi ya sa na kwanta. Ta wanke hannu a gabana. Ta kama ƙoƙon gwiwar da yatsu tana turawa sama da ƙasa, hagu da dama, a hankali kamar mai lallashin jariri. Ta riƙe ƙaurina tana ja kaɗan tana saki. Ta matsa naman cinya inda ya ɗaure, tana tambaya, "Nan da zafi? In ya yi yawa ki faɗa." In na tashi nakan ji ƙafar ta yi sakayau, in yi 'yan kwanaki ina miƙe ta ina ɗagawa a bakin gado kamar yadda ta ce. A haka har na fara zuwa bakin titi ba sanda.

Sai Alhaji ya shiga maganar da kyaututtukansa. Wasu matan turare da atamfa ake kawo musu. Ni kitsen damo aka fara aiko mini a tsohuwar kwalbar man shafawa, ya yi rawaya, ya narke ya daskare, yana wari kamar an manta kifi a bayan kanta. Bayan shi aka kawo wani baƙin abu a leda, wai a kwaɓa da fitsarin raƙumi. Ban tambayi inda ake samun raƙumi a Badarawa ba. Duk na sa aka kai su bayan gida aka zubar, in ya tambaya in ce an gode. Na ce ai so ne, so kuwa ba ya zuwa makaranta.

Ranar Litinin saƙonsa ya shigo wayata:

"Malama barka da hantsi. Zan turo Hassana mai tausa daga Kinkinau. Hannunta da albarka. Don Allah kada ki mayar da ita, ki yi mini wannan alfarmar."

Na rubuta "Ina da mai duba ni," na goge. Nafisat na zaune tana leƙen wayar ta gefen ido, ta ce, "Haba Umma, mutum ya damu da ke haka? Ki bari ta zo mana. Tausa ce fa, ba yanka ba."

Na bari. Da la'asar sai ga ta, doguwa, kakkaura, zaninta ya sha maiƙo ta gaba har yana ƙyalli, bakinta jajir da goro. Ta aje wata jakar buhu a kan kafet ɗina mai ruwan toka, ta zaro tsumma. Jama'a, tsumman nan! Ban san launin da aka haife shi da shi ba. Ya sha gwiwoyin rabin Kinkinau, yana ƙarni, ga wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa da ban so in san asalinsu ba.

Na ce, "Ga famfo can, ga sabulu."

Ta ce, "Ai Hajiya in na wanke hannu maganin ya tafi."

"Allah Ya raka shi. Je ki wanke."

Ta je ta jiƙa yatsu ta dawo ta goge su da tsumman. Ta lakato wani mai daga gwangwani, ta tofa yawun goro a kai, ta murza tafukanta. Kafin in buɗe baki ta cafki gwiwata. Wallahi yadda ake kirɓa sakwara. Ta danna ƙoƙon da dukkan nauyinta, ta murɗe ƙafar, ta lanƙwasa ta har dunduniyata ta kusa taɓa cinya. Na yi salati da ƙarfi.

Ta ce, "Yawwa, sanyin ne ke fita. In bai yi zafi ba ai bai yi aiki ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Haka muka gada."

Na lura da yawancin abin da ake cewa an gada, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi kakar ko ta warke. Amma ba zafin ne ya fi tsaya mini ba, tambayoyinta ne. Tana murza tana yi, kamar hira.

"Hajiya, kina iya hawa bene kuwa?"

"Gidana ba bene."

"A'a, na ce ko da za a ce ki hau. Safe da yamma haka."

Ta ƙara lakato mai ta ci gaba.

"Tsuguno fa? Kina iya tsugunawa ki wanke ɗan abu a baho? To in babban mutum yana zaune, ya ce ki kama shi ya tashi, ƙafar za ta ɗauka?"

Na ce, "Ke tausa aka aiko ki ko jarrabawa?"

Ta yi dariya, jan haƙoranta duk a waje. "Ai taki da sauƙi, Hajiya. Da kin ga ta..." Sai ta haɗiye sauran, ta ce in miƙe in taka ta gani. Don in rabu da ita na taka daga kujera zuwa labule. Ta bi ni da ido tun daga ƙugu har idon sawu, tana gyaɗa kai.

Da ta fita, ashe ba ta yi nisa ba. Tagar ɗakina tana kallon zaure, ita kuwa irin mutanen nan ne da ke ɗauka sai sun yi ihu waya ke kai magana. Ina tsaye ina goge man da ta shafa mini da ruwan ɗumi na ji ta:

"Ranka ya daɗe, na duba. Eh, da hannuna. Ta hagun ce kawai, ta daman garau. Da sauranta, wallahi. Za ta hau, za ta sauka. Za ta yi."

Za ta yi.

Na taɓa raka marigayi mijina kasuwar dabbobi ta Zango sayen saniyar layya. Haka dillali ya kama ƙafarta ya ɗaga, ya matsa cinya, ya buɗe baki ya duba haƙori, ya juyo ya ce, "Alhaji, za ta yi." Na zauna a bakin gado. Na wanke gwiwar da sabulu har fatar ta yi fari, amma warin man nan yana hancina. Duk jaridun da muka yi musu a kansu, duk dariyar, ashe ma'aikaciyar jinya ake nema wadda ba a biya, mai hawa bene da tire.

Washegari gwiwar ta kumbura kamar gwanda. Da Lubna ta gani ta cire gilashinta ta ce, "Mama, wa ya yi miki wannan?" Na ce wata mai albarkar hannu. Ranar ko taɓa gaɓar ba ta yi ba. Ƙanƙara ta sa mini a tawul, ta ɗaga ƙafar a kan matashi, ta ce in huta har ta sauka. Tafiyar da na tara zuwa bakin titi ta koma sanda.

Na gaya wa Nafisat abin da na ji. Na zaci za ta tayar da hankali. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "To Umma, ai ba laifi ba ne mutum ya san lafiyar wadda zai aura. Yanzu har gwajin jini ake yi."

"Gwajin jini su biyu ake yi wa, kuma da saninsu."

"Umma, ke fa komai sai kin yi masa fassara. Mutum mai mutunci, ga gida, ga rufin asiri. In kika ƙi shi, Yaya Kabir cewa zai yi ki tattara ki koma Abuja, kin sani."

Kamar yana jin mu, sai ga saƙon muryar Kabir: "Umma, Nafisat ta ce ƙafar ta tashi. Ni dai na faɗa, ko auren ko Abuja, zaman kaɗaicin nan ya isa. Ɗakinki na nan an yi fenti." Ɗakin da tagarsa ke kallon katanga, a unguwar da maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin matashi.

Ranar Juma'a na yi wanka na sa leshina ruwan hoda, wanda na ɗinka musamman don ranar da zan ce "to". Na ce ko ba komai ya ga abin da ya rasa. Amma ban jira a aiko in fito ba. Tun da aka sauko daga masallaci na zo na zauna a falo, a kujerarsa ta bakin ƙofa, na ɗage labulen taga kaɗan.

Motar ta tsaya. Direbansa Mansur ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya duba hagu da dama kamar ɓarawo, ya zaro sanda daga ƙarƙashin kujera. Sai ya sunkuya, Alhaji ya rataya hannu a wuyansa. Da ƙyar ya fito da ƙafar dama, a miƙe, da hannu ya ɗago ta. Daga mota zuwa zaurena ya tsaya hutawa ya fi a ƙirga, yana cije leɓe, gumi na bin hularsa. A bakin ƙofa ya miƙa wa Mansur sandar, ya gyara babbar riga, ya saisaita fuska, ya yi sallama.

Ya ɗaga labule ya gan ni a kujerarsa.

Na ce, "Wa alaikumus salam. Ƙaraso, Alhaji. Ga kujera can ciki."

Ya dubi kujerar. Tana can ƙarshen falo. Ya dube ni.

"Taka mana in gani," na ce. "Ai ni an sa na taka."

Bai taka ba. Ya dafa bango, ya zame a hankali ya zauna a hannun kujerar da ke kusa. Yau turaren ya fi na kullum yawa, amma da ya matso sai na ji abin da ke ƙarƙashinsa. Na san warin nan. Na sha jin sa a ɗakin gwaji in abin da aka jiƙa ya lalace.

"Malama, Hassana ta yi surutu ko?"

"Ta yi aikinta. An ce zan yi. Sai dai ba a gaya mini farashin ba."

Ya sunkuyar da kai. "Ban kyauta ba. Tsoro ne ya sa ni. Ɗakina yana sama, rabon da in sauko ba a riƙe ni ba tun kafin azumi. Na ce in ni ba ƙafa, ke ba ƙafa, wa zai kama wani? Na kuma ce in kika san haka nake, ba za ki..."

"Sai ka ɓoye taka ka aiko a auna tawa."

"Haka ne."

"Ɗage wandon."

"Haba Malama, ai bai dace..."

"Nafisat! Zo ki tsaya nan ki zama shaida. Alhaji, ɗage."

Ya ɗage. Nafisat ta toshe hanci da mayafi ta juya baya. Ni ban juya ba. An naɗe gwiwar da tsumma, kuma na gane tsumman, ɗan'uwan wancan ne. Da ya warware, ga gwiwa ta yi jajir tana sheƙi, ta kusa kai kan yaro. An yi mata tsaga jere-jere da aska, an cusa baƙin gari a ciki, wasu sun kama ruwa suna fitar da mugunya. Ga maiƙon kitsen damo ya kama gashin ƙafar ya dunƙule.

"Wanzami ne ya ce a fitar da mataccen jini," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Hassana kuma tana zuwa tana murzawa."

"A kan wannan take murzawa?"

"Ta ce in bai yi zafi ba..."

"Kada ka ƙarasa."

Ya ce, "Duk abin da na aiko miki, sai da na fara gwadawa a kaina. Ban taɓa aiko miki da abin da ban shafa ba."

Na dube shi. Mutumin da ya auna filayen rabin garin nan, wanda ke gyara wa jarida lissafi, ya zauna an yanka shi da askar da ta aske ƙeyar wani. Kuma yana faɗa mini haka yana jiran in ji daɗi. Abin haushin, masu karatu, wani ɓangare na zuciyata ya ji. Na tsani wannan ɓangaren.

Na kai bayan hannuna kusa da gwiwar, ban ma taɓa ba na ji hucinta. Na taɓa goshinsa, zazzaɓi rau. Maganar Lubna ta faɗo mini.

"Mansur! Kawo sandar nan da kake ɓoyewa, ka juya mota. Nafisat, miƙo mini tawa da mayafi."

"Malama, amsar fa? Yau ce Juma'ar."

"Ka fara tsira da ƙafar."

Haka muka fita, shi da sanda ni da sanda, matan layi na leƙe ta katanga. A mota na sauke gilashi don warin, na kira Lubna. Ta ce wannan ya wuce aikin hannu, mu wuce sashen gaggawa kai tsaye, za ta same mu a can. Da muka faɗa wani rami Alhaji ya yi nishi, hannunsa ya kama gefen mayafina. Ban fizge ba, ban kuma dube shi ba.

Aka ɗora shi a gadon turawa. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe gwiwar, ta yi tsaki, ta kira likita da sauri. Sannan ta juyo gare ni, ta dubi leshina ruwan hoda, ta dubi sandata.

"Mama, sai wani nasa ya tsaya a kansa, don da wuya ya koma gida yau. Ke ce matarsa?"

Nafisat, da ta biyo mu, ta zuba mini ido. Alhaji ya ɗago kai daga matashi, hularsa ta karkace, idonsa a kaina.

Na jawo kujerar da ke gefen gadon na zauna, na miƙe ƙafata ta hagu, na jingine sandata kusa da tasa.

Na ce, "Tukuna. Ku fara duba mini shi da kyau, ciki da waje. In kun gama ku zo ku gaya mini ko zai yi."